Rabon Tok a Dogon Bene

Tun ranar da aka ce za a ɗauko ofishin ɗanta Kitae daga Seoul a kawo shi yankinsu na Naju, barcin Sundok ya koma na mafarki. Da ta rufe ido sai ta hango ofishin yana tahowa a kan titi ɗungurungum, da tagoginsa da matakalarsa, yana rangaji kamar saniya mai tsohon ciki, Kitae kuwa ya leƙo ta taga yana ɗago mata hannu. Wani lokacin matarsa tana bayansa da tukunya a rungume. Wani lokacin jikarta Daon ce zaune a kan rufin tana kaɗa ƙafa.

Ba ofishinsa kaɗai aka ɗauko ba. Gwamnati ta ce ma'aikata sun cushe a babban birni, karkara kuma ta koma sai tsofaffi, don haka aka gina sabon gari a kan fadamun shinkafar ƙauyen su Sundok, aka kwaso ofisoshi aka zuba a ciki. Mutanen ƙauyen aka mayar da su gindin tsauni. Daga ƙofar gidanta na yanzu takan hango dogayen benayen da safe, gindinsu ya nutse cikin farin hazon tafki, kawunansu kaɗai a waje, kamar ba a ƙasa aka kafa su ba. Ba ta yi wa fadamar kuka sosai ba. Gwiwoyinta sun riga sun gaji da laka, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma in dai fadama za ta tafi ta dawo mata da ɗa, ita a ganinta an yi musaya mai kyau.

Kitae ya iso bayan girbi, shi kaɗai, da akwati ɗaya. Aka ba shi gida can sama a ɗaya daga cikin benayen. Duk Juma'a da yamma sai ya hau bas ya koma Seoul wurin iyalinsa, Litinin da sassafe ya dawo da idanu a kumbure. Tsakanin nan kuma aiki. Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta zuba ta narke, amma zuwansa gidanta bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

A zauren tsofaffi, inda matan ƙauyen ke wuni a kan daɓe mai ɗumi suna buga karta, ba a kiran kowa da sunanta sai da garin da aka auro ta. Sundok ita ce 'Yar Yongam. Ƙawarta 'Yar Hampyong kuwa baki gare ta kamar reza.

"'Yar Yongam, ɗan naki dawowa ya yi, ko aronsa aka ba ki?"

"Aiki ne ya yi masa yawa."

"Aiki ko? Nawa yana can Busan, amma na fi ki sanin kalar rigarsa. Saki kartar mana, kin riƙe ta kamar jariri."

Matan suka yi dariya. Sundok ta saki kartar ba ta ko duba ba. Ita ta san abin da ke damun ɗanta. Ya shiga gida da akwati a gaba, ba tukunyar shinkafa ba. Bai duba rana ba. Bai raba wa maƙwabta tok ba, wainar shinkafar nan da ake turarawa a raba ranar tarewa. Gidan da aka shiga haka ba ya riƙe mutum, kwana kawai ake yi a cikinsa a fita.

Wata Laraba ya zo cin abincin yamma. Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, yana shan miyar waken da ta dafa masa, ita kuma tana ta turo masa ƙananan kwanuka gabansa.

"Umma, Maman Daon za ta zo ran Asabar ta ga wurin."

Sundok ta ajiye cokali.

"In ya yi mata, za su taso kafin a buɗe makaranta. In bai yi mata ba," ya ɗan sosa ƙeya, "akwai ɗan ofishin da aka bari a Seoul. Zan nemi a mayar da ni can. Hanyar nan ta fara cin bayana, Umma."

"Zai yi mata," in ji Sundok. "Ƙara shinkafa."

Bayan ya tafi ta tsaya gaban kalandar da ke bango, ta bi ƙananan lambobin wata da ɗan yatsa. Asabar ɗin ta faɗo daidai ranar da iskokin hanya suke hawa sama su huta, ranar da ake tarewa ba abin da zai biyo mutum. Ta daɗe a tsaye tana murmushi ita kaɗai. Ta san surukarta. Miryong 'yar birni ce mai kirki da ƙarancin magana, abin da take tsoro kaɗai shi ne a kawo ta inda ba ta san kowa ba. To za ta san su. Za su bi ƙofa ƙofa da tok mai zafi, matan benen su fito suna sunkuyawa, wannan ta ce 'yata ma ajinsu ɗaya da taki, waccan ta dawo da faranti da lemo a kai, don ba a mayar da farantin tok wayam. Sundok ta sha shiga sabon garin ranar zuwa asibiti, ta ga tituna cike da mutane masu katin aiki rataye a wuya, suna tafe da kofin shayi a hannu. Mutane kam akwai su. Gaisawa ce kawai ba a yi ba.

Ba ta gaya wa Kitae ba. Ta jiƙa shinkafa, ta kai inji aka niƙo, ta dafa jan wake ta farfasa shi sama sama. Da gari ya waye ran Asabar ta ɗora madambaci a wuta, ta shimfiɗa wake, ta zuba gari, ta sake shimfiɗa wake, hawa bisa hawa, ta liƙe bakin tukunyar da ƙullu don kada tururi ya tsere. Tururin ya cika kicin har ba ta ganin hannunta. A cikinsa ta ga kamar tsohuwar surukarta, uwar mijinta, tana tsaye a bakin ƙofa tana hana kowa shigowa, don tok ba ya son a yi ta kai da kawo a kansa, sai ya ƙi nuna. Ta soka tsinke, ya fito fes.

Ta yayyanka, ta jera a kwando, ta ɗaure da babban ƙyalle, ta haɗa da farantai. A tashar bas ta ci karo da 'Yar Hampyong.

"Wannan kaya haka, aure za ki sake?"

"Tarewar ɗana."

"Bayan wata nawa? Ai iskokin sun riga sun yi haya a ɗakin." Ta zura hannu ta gefen ƙyallen ta ɓallo gutsure, ta tauna, ta gyaɗa kai. "Gishirin ya yi. Tafi."

Bas ɗin ya gangara cikin hazo. Sundok ta rungume kwandon a cinya, ɗuminsa yana ratsa ta. Inda aka yi shataletale, nan ne tsohuwar rijiya. Inda fitilar hanya ke canja launi ba mota ko ɗaya, nan balbelu ke sauka bayan an yi huɗa. Ta lura titunan shiru, shagunan da yawa a rufe, sai ta ce a ranta ai safiya ce, ma'aikata suna ramuwar barci.

Kitae ne ya buɗe ƙofa. Ya dubi uwarsa, ya dubi kwandon, fuskarsa ta sauya.

"Umma, wannan fa?"

"Kauce, da nauyi."

Miryong ta taso daga bakin taga, ta sunkuya ta gaishe ta, ta karɓi kwandon da hannu biyu. Ta ce Daon ba ta samu zuwa ba, tana da darasin Asabar. Gidan fes yake, kuma wayam: katifa a ƙasa, kujera ɗaya, riguna a rataye jikin ƙofa. Sundok ta yi kamar ba ta gani ba.

"Maman Daon, ɗauko farantan. Mu je mu gai da maƙwabta tun yana da zafi."

"Umma," in ji Kitae, "yau fa Asabar."

"Na sani. Ni na duba ranar."

Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe. Shi ma ya daɗe yana gaya wa Miryong a waya cewa garin ya fara cika, akwai yara, akwai wurin wasa a bakin tafki. Ya koma ya zauna a kujerarsa ɗaya.

Suka fita su biyu. Barandar doguwa ce, ƙofofin duk iri ɗaya. Sundok ta gyara gashinta, ta danna ƙararrawar ƙofar farko. Ƙarar ta shiga ciki, ta yi ta yawo ɗaki ɗaki, ta dawo ba ta sami kowa ba. Suka jira. Suka matsa ta gaba. A ƙofa ta uku an rataye jakar da mai kawo madara ke sakawa, babu komai a ciki. A ta gaba takardun talla sun taru a ƙasa.

"Wataƙila sun fita kasuwa," in ji Sundok.

"Wataƙila, Mama."

Suka gama hawan, suka sauka na ƙasa. Lifta tana magana da muryar mace mai ladabi, tana cewa ƙofa za ta rufe, ƙofa za ta buɗe. Ko'ina suka fito barandar ɗaya ce, har Sundok ta fara jin kamar ba sauka suke yi ba, benen ne ke juyawa yana dawo musu da ƙofofin da suka riga suka buga. Ba ƙamshin miya, ba kukan yaro, ba takalmi a bakin ƙofa. Tururin tok ɗin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Ta tagar ƙarshen baranda ta hango filin ajiye motoci can ƙasa, fararen layuka a jere kamar kunyoyin da aka yi ba a shuka ba.

A nan ne abin ya faɗo mata. Ba Kitae kaɗai ke hawa bas ɗin Juma'a ba. Duk masu katin nan a wuya, kowa da nasa gidan a Seoul. Da kanta ta riƙo hannun surukarta ta bi da ita ƙofa ƙofa tana nuna mata cewa ba kowa. Kunnuwanta suka yi zafi. Miryong kuwa tana biye da farantin a hannu, kanta a sunkuye kamar ita ta yi laifin.

"Ɗaya ta rage, sai mu koma," in ji Sundok.

Ba ta gama danna ƙararrawar ba ƙofar ta buɗe, kamar mai gidan tana tsaye a bayanta tun ɗazu. Yarinya ce, ba ta kai Miryong shekaru ba, gashi a hargitse, rigar barci da tabon nono a ƙirji, jariri a kafaɗa yana ƙananan kuka.

"Mun tare a sama ne," in ji Sundok, "ga ɗan tok, a ci da haƙuri."

Yarinyar ta dubi farantin ta daɗe. "Kaka, ku shigo. Don girmanku ku shigo. Gidan ba kyau, ku yi haƙuri, ku shigo dai."

Suka cire takalma suka shiga. Sunanta Yerim, daga Incheon. Ita da gaske ta taso, da gado da firji da komai, don ta ce ba za ta haihu miji yana wani gari ba. Tana magana tana neman abin shimfiɗa musu, tana magana tana ɗora ruwa a wuta, maganar tana zubowa kamar an buɗe famfo.

"Mijin naki fa?" Sundok ta tambaya.

"Yana Seoul, Kaka. Ofishin ya zo, amma taron bai zo ba. Manyan duk suna can, kullum sai a kira su. Ni na taso na bi shi nan, shi kuma ya koma can, kin ji abin dariya." Ta yi dariyar, ita kaɗai. "Ranar aiki akan ji motsi da daddare, ƙofa ta buɗe ta rufe. Ran Asabar kuwa har numfashin firji nake ji. Ɗazu da na ji ƙararrawa a sama, ta sauko, ta sauko, na ce ko dai na fara taɓuwa ne. Yaya," ta juya ga Miryong, "kin san lifta ɗin nan? In ta ce ƙofa za ta rufe, ce mata nake na gode. Rannan har na tambaye ta ko ta ci abinci."

Miryong ta yi ɗan murmushi, murmushin bai kai ido ba.

Yerim ta juye tok ɗin, ta wanke farantin, ta shiga buɗe kabad tana rufewa. "Ba a mayar da shi haka, mamata ta gaya mini. Tsaya, akwai lemo, a'a ya bushe. Akwai, tsaya." Ta buɗe firji ta tsaya a gabansa da farantin a hannu da jaririn a kafaɗa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ba ta yi ƙara ba. Hawayen kawai ke sauka a kan farantin da ta wanke.

Sundok ta tashi da ƙyar, ta karɓi farantin daga hannunta. "To ai ga shi kin sa wani abu a kai. Zauna."

Ta waiwaya ta ga Miryong. Surukar tata ba jaririn take kallo ba, ba ɗakin ba. Yerim take kallo, kallon wanda ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa. Sundok ta san wannan kallon. Ita ma an taɓa kawo ta daga Yongam tana yarinya, ta yi kuka a bayan rumbu. Amma ita da safe in ta fita da tulu akwai mata a bakin rijiya, masu tsokana, masu gulma, masu dariyar yadda take furta magana, kuma kafin wata ya mutu ta san wadda za ta ara wa gishiri. Nan kuwa wa za a ara wa?

Suka sha ruwan sha'ir mai ɗumi, suka ci tok ɗin da ya huce, suka zauna da ita har rana ta karkata. Da suka fito baranda Sundok ta tsaya, ta dafa bango.

"Maman Daon."

"Na'am, Mama."

"Kada ku taso tukuna."

Miryong ta ɗago kai da sauri. "Mama, ban ce komai ba. Makarantar ma ban gani ba. Wataƙila in an jima a nan..."

"Na ga idonki, 'yar nan. Ki bar yarinyar a makarantarta, ke ma ki zauna cikin mutanenki. In garin ya yi mutane, ba sai an gaya miki ba."

"Baban Daon zai nemi a mayar da shi fa."

"To ya nema. Bayansa ciwo yake, ba ki ga yadda yake zama ba?"

Muryarta ba ta yi rawa ba, ita ma ta yi mamaki. Miryong ta kama hannunta da hannu biyu, ta riƙe. Hannuwan surukar tata sanyi ƙalau.

A sama suka tarar da Kitae a tsaye bakin taga. Ya dubi kwandon da ya dawo kusan a cike, bai tambaya ba. Uwarsa ce ta gaya masa, a taƙaice, tana naɗe masa tok a takarda ya kai wa Daon.

"Umma, ni ya kamata in gaya miki tun farko."

"Kai da ka gaji ubanka, magana sai an ciro ta da ƙugiya. Kai matarka ta ga tafkin dai, ta sha hanya. Daga nan ku wuce tasha, kada yarinya ta kwana ita kaɗai."

"Mu fara sauke ki gida."

"Ina da inda zan biya."

Ta tsaya har lifta ta haɗiye su. Sannan ta bi matakala a hankali, tana dafa ƙarfe, ta sauka hawan Yerim. Tun daga nesa take jin kukan jaririn, ya buɗe murya sosai yanzu. Ƙofar ba a kulle take ba.

"Ba ya barci, Kaka. Na jijjiga, na kunna masa waƙa, na sa shi a keke, ba ya yi."

"Kina da bargo mara nauyi? Da wani dogon ƙyalle, ko na labule ne."

Yerim ta kawo. Sundok ta duƙa, ta ce ta ɗora mata shi a baya. Ta ja bargon ta rufe shi har wuya, ta zagayo da ƙyallen ƙarƙashin ɗuwawunsa, ta ɗaure tam a ƙirji. Hannuwanta ba su manta ba. Yaron ya yi tsit don mamaki, ya sake gwada kukan, bai yi nisa ba.

"Ke kuma kwanta. Ba na son in ji motsinki."

Ta fita baranda da goyon. Rana ta yi ƙasa, barandar ta fara duhu. Da ta taka, fitilar da ke saman kanta ta kama da kanta. Ta ƙara gaba, wata ta kama, ta bayan ta mutu. Haka ta yi ta tafiya, hannu ɗaya a bayanta yana bubbuga yaron, haske yana buɗe mata hanya kaɗan kaɗan yana rufewa a baya, ƙofofin suna wucewa shiru. Ta fara rera wata 'yar waƙar rarrashi a maƙogwaro, marar kalmomi. Kan yaron ya yi nauyi, ya kwanta tsakanin kafaɗunta, numfashinsa yana jiƙa mata riga. Da ta kai ƙarshen barandar ba ta tsaya ba, don in an tsaya sukan farka. Ta juya a hankali, ta sake kamo hanya.